Robo a Ranar da Ba a Shara

Baraka ta ƙara rungume kwalin a cinyarta lokacin da ɗan kabu-kabu ya kauce wa amalanken jaki, tayar baya ta nutse cikin rairayi ta fito. Ba ta ce masa ya rage gudu ba. Leɓenta yana ta motsi, tana maimaita jimlar da za ta buɗe shirinta da ita: masu saurare, yau mun gwada na'urar da ke share ɗaki da kanta, ta kuma goge shi.

"Mi ke cikin kwalin ga?" ɗan kabu-kabun ya tambaya, bai waiwayo ba. "Murhu ne?"

"Mai shara ne."

"Mai shara cikin kwali? To Allah shi ba shi haƙuri."

Ta yi dariya a cikin hijabinta.

Tun da ta gama digirinta na lisans a Maradi ta dawo Dakoro take zuwa gidan rediyon garin tana taya su rubuta labarai. Rubutu bai taɓa ba ta wahala ba. Ranar da aka zaunar da ita gaban makirfo kuwa, sai da mai kula da na'urori ya leƙo ya duba ko wata waya ce ta cire, don bai ji komai ba. Duk da haka ita ce ta kai wa Madam Zara, shugabar gidan, shawarar sabon shiri mai suna Mun Gwada: a ɗauko sabon abin da ya shigo kasuwa, a gwada shi a gida irin na mutanen gari, a faɗi abin da ido ya gani.

"Shirin ya yi mini," in ji Madam Zara jiya. "Amma takarda ba ta magana a rediyo. Ki kawo mini muryarki cikin waya gobe kafin la'asar, don da yamma zan tsara shirye-shiryen wata. In ban ji ta ba, filin Alhamis ya koma na gaishe-gaishe."

Robon, wato na'urar sharar, na Elhaji Ɗan'azumi ne, mai butik, wani kanti a bakin tasha. Ya taho da 'yan kaɗan daga Lome, irin masu sauƙin kuɗi, har yau ko ɗaya bai fita ba, don duk wanda ya ɗaga sai ya tambaya ina ake ɗora tukunya. Ya ara mata ɗaya zuwa magariba. "Ki faɗi gaskiya, ɗiyata," ya ce da zai miƙa mata. "Amma ki fara da mai daɗin."

Ta tarar da gidansu shiru, irin shirun da taro ke bari. Da asuba aka raka yayanta Sa'adu, wanda aka tura aikin jinya Bilma, tafiyarsa ta farko mai nisa haka. Babansu ya kai shi tasha, ya zarce kasuwar dabbobi. Goggo Dela, ƙanwar baban, ita ce kawai ba ta koma gidanta ba, tana zaune a inuwar rumfa tana ɓarar gujiya.

"Kin kawo shi?" ta ce, ta karkaɗe zaninta ta biyo Baraka cikin salo, ɗakin baƙi. "An ce mini mutum-mutumi ne, har na gyara lulluɓi."

Baraka ta durƙusa ta yanke ledar kwalin. Ta fito da abin, baƙi, zagayayye, yana sheƙi, da wasu gasu masu tsini biyu a gabansa kamar gashin bakin kyanwa.

Goggo Dela ta leƙa cikin kwalin, ta sake leƙawa. "Ina mutumin?"

"Shi ke nan, Goggo."

"Wanga ai marfin tukunya ne."

Baraka ta jera sauran kayan a ƙasa, tana bayani da sauri, abin da ba ta yi sai a gida. Ga ɗan akwatin da datti ke taruwa a ciki, ga ɗan tankin ruwa, ga tsumman da ake mannawa a ƙasansa in za a yi guga, ga gidan da yake komawa da kansa ya sha wuta in ya gaji. Ta ɗaga kai ta dubi salon, farin ciki ya kama ta. Ko da roƙo aka yi ba za a samu wurin gwaji irin wannan ba. Nan ne kaɗai ɗaki mai karo, wato tayil, a gidan, Sa'adu ne ya sa aka shimfiɗa bara, kuma masu sallama sun bar shi kaca-kaca: rairayi ko'ina, ɓawon gujiya, ganyen shayi, ɗigon sukari da ya bushe.

Ta ɗora robon a tsakiyar ɗaki, ta kai yatsa kan maɓallin.

"Baraka."

Innarta, Uwale, tana bakin ƙofa, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke.

"Inna, zo ki gani. Yanzu zai share ɗakin ga tas."

"Ba a shara yau."

"Ai ba ni zan yi ba, shi zai yi."

"Sa'adu yana hanya," Inna ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna ƙasa da haɓarta.

Sai a lokacin Baraka ta lura. Kusa da ƙofa, a kan farin karo, akwai sawun ƙafa ɗaya cikakke, yatsu biyar da diddige, yana fuskantar waje. Sa'adu ya yi alwala da asuba, ya taka rairayi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya shigo ya ɗauki jakarsa ya juya ya fita. Ruwan ya bushe, rairayin ya zauna. Kowa ya yi ta shige da fice tun safe, amma ba wanda ya taka wurin. Ashe Inna tana tsaronsa.

Baraka ta taɓa jin cewa ba a share gida bayan matafiyi, kada a share sawunsa ya ƙi dawowa. Ta ji shi kamar yadda ake jin sauran maganganun tsofaffi. Ba ta taɓa ganin an yi shi a gidansu ba, ta kuwa faɗi haka.

"Ke ina za ki gani?" Goggo Dela ta ce. "Ke ce mai tahiya. Duk ranar da kika hau motar Maradi, gidan ga haka yake kwana kamar garken awaki, sai kin bugo kin ce kin sauka."

Baraka ta dubi innarta. Inna tana goge hannu da bakin zani, ba ta dube ta ba.

"Inna, ba tsintsiya ba ce," ta ce a hankali.

"Mi yake yi?"

Baraka ta dubi robon. "Shara."

"To."

"Inna, ko malamai sun ce camfi ne."

"Ban ce farilla ba ce. Allah ke tsare shi, ba rairayi ba, na sani. Amma ni ba a share sawun ɗana yana kan hanya ina kallo. In ya bugo daga Agadez, ki sa abinki ya share har rumbu."

Sa'adu ba zai isa Agadez ba sai rana ta faɗi, in ma mota ba ta ba su wahala ba. La'asar kuwa ba ta jiran kowa. Inna ta koma madafa. Baraka ta zauna a ƙasa kusa da robon tana lissafin gidajen da ta sani. Ɗakin Goggo Dela siminti ne da ya farfashe, ramukansa za su haɗiye tayoyin. Butik ɗin Elhaji yana da karo, amma cike yake da maza masu shan shayi, ta san ko sallama ba za ta fito daga bakinta a can ba. Gidan ƙawarta mai karo an rufe shi, sun tafi biki Korahane.

Ta yanke shawarar ta ɗauki abin da ya samu. Ta jona gidan robon a bango, don a salo kaɗai wutar sola take, ta tura shi ciki ya riƙa shan wuta, can nesa da ƙofa. Ta zauna a kan doguwar kujera, ta kunna ɗaukar murya a wayarta, ta ajiye ta a hannun kujerar.

"Masu saurare," ta fara. "Wannan na'ura baƙa ce. Tana da tayoyi biyu manya da ƙarama ɗaya. Tana da tankin ruwa."

Ita kanta ta ji muryar, siririya, a sandare, kamar ta mai karanta sanarwar ɓatan tunkiya. Ta ci gaba. Da ta zo kan "mun gwada" sai ta tsaya. Ba su gwada komai ba.

Tana nan zaune da kalmar a baki Goggo Dela ta dawo, riƙe da wani farin ƙyalle mai surfanin furanni, irin wanda ake rufe talabijin da shi.

"Kayan mutane ne," ta ce. "A bar shi tsirara ƙura ta hau shi, Elhaji ya ce mun tsufar masa da kaya."

Ta duƙa ta shimfiɗa ƙyallen a kan robon, ta daidaita gefe da gefe, sannan ta shafa tsakiyar da tafin hannu don ya kwanta sosai.

Abin ya yi ƙara siririya. Wata muryar mace ta yi magana da Faransanci daga ƙarƙashin ƙyallen.

"Ashe mace ce," Goggo Dela ta ce.

Robon ya ja da baya daga gidansa, ya juya a hankali, ya kama hanya, farin ƙyalle a kansa yana jan ƙasa kamar mayafin amarya. A bayansa wani layi mai tsabta ya bayyana a kan karon, fari tas.

Da farko Baraka ba ta motsa ba. Kyan layin ya ɗauke mata hankali. Sai ta tuna.

"Goggo, tare shi."

"Ni? Ni da ban san dangin da ya fito ba?" Goggo Dela ta riga ta ɗane kan kujera, ta tattare zaninta.

Baraka ta wawuri telekomand ɗin da ake sarrafa shi daga nesa, ta danna, ta sake dannawa. Ba ta sa masa batir ba tukuna. Ta jefar, ta yi kan robon, shi kuwa ya shige ƙarƙashin doguwar kujera, ya bar ƙyallen a waje. Ta kwanta rub da ciki ta zura hannu, yatsunta suka shafi bayansa, ya zame. Tana jin sa yana bugun ƙafar kujera yana juyawa, yana bugawa yana juyawa.

"Ya fito ta nan," Goggo Dela ta ce daga sama. "A'a, ya koma. Ga shi can. Baraka, ƙofa ya nufa."

Kafin ta janye hannunta ta miƙe, ya riga ya isa. Gasun gabansa suna juyawa, suka tattara yatsun sawun, cikinsa ya bi ta kan diddigen. Ya bugi dokin ƙofa, ya juyo, ya sake bi ta wurin. Baraka ta faɗa kansa da hannu biyu ta ɗaga shi sama. Tayoyin suka yi ta juyawa a iska, muryar macen ta yi wani ƙorafi, sannan ya yi shiru.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Wurin da take kallo fari ne fes, har yana ɗaukar hasken tsakar gida.

Goggo Dela ta sauko daga kujera a hankali. "Uwale, ni ce. Rufe shi kawai na yi."

Inna ta jingina ludayin da bango, ta tsugunna, ta shafa karon da tafin hannunta, ta duba hannun. Ko ƙwayar rairayi babu. Da Inna ta yi faɗa da ya fi wa Baraka sauƙi.

"Ina ya kai shi?" Inna ta tambaya.

"Na'am?"

"Tsintsiya waje take kaiwa. Shi ina ya kai?"

Baraka ta dubi abin da ke hannunta. Ta ajiye shi a ƙasa, ta ɗaga marfin, ta zaro ɗan akwatin. "Bai kai ko'ina ba, Inna. Ba ya zubarwa. Tarawa yake a cikinsa."

Ta buɗe. Jan rairayi ya kai rabin akwatin, da ɓawon gujiya a sama, da ganyen shayi, da wasu gajerun baƙaƙen gasu. Sa'adu ya rage gemunsa a ɗakin jiya da yamma.

Inna ta karɓi akwatin da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon cikinsa.

"Can Tagriss," ta ce, "in babana zai tahi ɗauko gishiri da raƙuma, innata bin sa take yi har bayan gari. Inda ƙafarsa ta dama ta taka, nan take ɗiba, ta ƙulle a tsumma, ta rataye a kan gadonta. Daga nan sai ta dawo ta yi shararta. Ba barin gida ake da datti ba." Ta ɗan girgiza akwatin, rairayin ya kwanta gefe ɗaya. "Nan cikin gari kuwa, daga ƙofa sai mota. Ga karo an sa. Na rasa inda zan ɗiba, shi ya sa nake barin wurin duka."

Ta kwance tsohon kallabin da ta ɗaure ƙugunta da shi, ta sa haƙori ta yagi gefe ɗaya, ta shimfiɗa a cinyarta. Ta tsince ɓawon gujiyar da ganyen shayin ɗaya bayan ɗaya. Gashin ta bar shi. Ta juye rairayin a tsumman.

"Uwale, ba nasa kaɗai ba ne hwa," Goggo Dela ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da sawuna a ciki, da na Malam babansa, da na duk maƙwabtan da suka shigo."

"To ya samu 'yan rakiya."

Inna ta ƙulle tsumman, ta ƙara ƙulli a kai, ta soke shi a zaninta. Ta miƙa wa Baraka akwatin babu komai, ta ɗauki ludayinta. Har ta juya, sai ta tsaya ta dubi sauran ɗakin, rabi fari rabi ja.

"Wanga wace irin shara ce, kamar kan da wanzami ya gudu ya bari? Sa shi ya gama."

Baraka ta mayar da akwatin. Ta danna maɓallin. Robon ya tashi, su uku suka bi bayansa.

Daga nan gwaji ya koma hannun Inna. Ta ce rairayin da ke ƙasa ba komai ba ne, ta fita ta ɗibo tafi guda daga tsakar gida ta watsa a gabansa. Ya shanye. Ta kawo gero ta zuba. Gasun gabansa suka watsa rabi zuwa ƙarƙashin kujera, ya bi yana tsinta, yana ƙara kamar mai tauna tsakuwa.

"Ya ci gero," Baraka ta ce tana dariya, "amma sai da ya yi ɓarna. Goggo, ɗaga ƙafarki. Kun ga, ba gani yake ba, sai ya yi karo da abu yake sanin akwai shi. Ba ya bin layi, inda ya ga dama nan yake zuwa, wurin ga ya bi shi sau nawa, can kuwa ko leƙawa bai yi ba."

"Kamar Samba mai kawo mana ruwa," in ji Goggo Dela. "Gidan da ke ba shi hura nan yake ta komawa."

Ya isa bakin tabarma, ya hau da taya ɗaya, ya maƙale, ya yi ta gurnani har sai da Baraka ta naɗe tabarmar. A lungun ɗaki ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma zagayayyen abu ba ya shiga kusurwa. Inna ta sa ɗan yatsa ta lakato rairayin da ya bari, ta nuna masa, kamar zai ji kunya.

Sai guga. Baraka ta cika ɗan tankin da ruwan randa, ta manna tsumman, ta sake shi. Ya bar wata 'yar laima siririya a bayansa, wadda zafin rana ke busarwa kafin ya kai bango. Ƙurar da ta rage ta tafi, karon ya yi sheƙi, Baraka ta taka da ƙafa ta ce sanyi. Amma ɗigon shayin da ya bushe da sukari, ya bi ta kansa ya dawo ya sake bi, yana nan daram.

"Wanga ba guga ba ce, lasa ce," Goggo Dela ta ce. "Kyanwa ma ta fi shi lasa. A ba ni tsumma da bokiti in nuna masa yadda uwarsa ta kasa koya masa."

"Bar shi, Dela," Inna ta ce. "Ƙarƙashin kujerar can, rabon da a share shi tun azumi. Ke kina shiga?"

"Ni da bayan ga nawa?"

"To shi ya shiga."

Suna cikin wannan aka manta da shi. Kwalin ya ce yana gane rami ya ja da baya, amma dokin ƙofar salon gajere ne, rairayin tsakar gida ya kusan cike shi. Robon ya hau, ya yi ɗan tunani, ya gangara waje. Can ya samu abin da ya fi ƙarfinsa. Ya shaƙi rairayi, tayoyinsa suka haƙa rami, ya nutse har rabi, muryar macen tana kiran a kawo ɗauki da Faransanci. Wata kaza ta zo ta karkata kai ta dube shi, ta kai masa sara.

Baraka ta durƙusa a rairayin tana tono shi, dariya ta hana ta numfashi. "Masu saurare," ta ce, don wasa, tana share hawaye, "in ɗakinku karo ne kuma ba tabarma, zai rage muku duƙawa, zai shiga inda bayanku ba ya kai ku. In guga kuke nema, kada ku jefar da tsummanku. In kuwa tsakar gida ce, ku bar wa tsintsiya aikinta, don wanga zai shanye Dakoro kafin ya ƙoshi, kuma ba zai ƙoshi ba."

Da ta koma ɗaki neman abin da za ta goge shi, sai ta ga wayarta a hannun kujera. Jan ɗigon yana nan yana ƙiftawa. Tun daga "wannan na'ura baƙa ce" ba ta daina ɗauka ba.

Inuwar rumfa ta riga ta miƙe. Ba lokacin yanka ko gyara. Ta kakkaɓe robon, ta wanke tsumman, ta mayar da komai cikin kwali, ta zura hijabi ta fita neman kabu-kabu.

Madam Zara tana ofis, panka tana kaɗa takardun teburinta. Ta nuna wa Baraka kujera, ta karɓi wayar, ta ajiye a tsakiyarsu, ta danna.

Sandararriyar muryar ta fito. Madam Zara ta runtse ido ɗaya. Baraka ta sunkuyar da kai tana kallon kwalin da ke ƙafarta. Sai muryar Goggo Dela ta shigo da zancen ƙyalle, sai ƙarar abin, sai "ashe mace ce." Madam Zara ta tuntsire da dariya har ta dafa teburin. Aka ji gudu, da bugun ƙafar kujera, da "ƙofa ya nufa."

Sannan komai ya ɗauke. Can muryar Inna ta fito, a hankali: "Ina ya kai shi?"

Baraka ta miƙa hannu ta tsayar da wayar, ta fara jan layin gaba.

"Tsaya," Madam Zara ta ce. "Mayar. Wace ce wannan?"

"Innata ce."

"Mi ya faru?"

"Wurin ga ba na rediyo ba ne, Madam. Ba ta san waya tana ɗauka ba."

"Sai ki tambaye ta."

"Za ta ce to, saboda ni. Shi ya sa ba zan tambaye ta ba."

Madam Zara ta jingina da kujerarta. "Baraka, na daɗe a aikin ga. Inda dariya ta tsaya aka yi shiru haka, nan ne mace ke ajiye taɓarya ta matso kusa da rediyo. In na ce in babu shi babu shiri fa?"

Yatsan Baraka yana kan wayar, ba ta ɗaga shi ba. Muryar da ta fito ƙarama ce, amma an ji ta.

"Sai ya koma na gaishe-gaishe."

Panka ta juya ta dawo. Daga masallacin da ke bayan gidan aka fara gyaran lasifika. Madam Zara ta yi nuni da hannu.

"Wuce da shi. Mu ji sauran."

Suka ji gero, suka ji tabarma, suka ji lasa, suka ji kaza. Baraka ta saurari wata yarinya mai saurin baki tana bayani tana dariya tana katse manya, ta kasa yarda ita ce. Da aka zo ƙarshe, inda ta ce a bar wa tsintsiya aikinta, Madam Zara ta sa aka maimaita mata.

"Elhaji ba zai ji daɗin rabinsa ba," ta ce. "Amma zai sayar, ki gani. Ki yanke farkon nan, kamar ana miki allura. Ki yanke na innarki, tunda kin ce. Alhamis taki ce, da sharaɗi ɗaya."

Baraka ta damƙe wayar.

"Wadda ta ce kyanwa ta fi shi lasa, wace ce?"

"Goggona ce."

"Da ita za ki riƙa zuwa."

"Madam, ba ta yin shiru."

"Na ji. Ke kuma ba kya magana sai tana wurin. Mi za ku gwada mako mai zuwa?"

Baraka ta sunkuya ta ɗauki kwalin, ta rungume shi. "Elhaji yana da wata tukunya. Ta dafa shinkafa, in ta gama ta kashe kanta."

Madam Zara ta ɗaga kai daga takardunta.

"Kada ki faɗa wa goggon taki haka tukuna," ta ce. "Ki bari sai an kunna makirfo."